Na ajiye makullin sito, ga abin da na fito da shi

Kwantiragina ya ƙare a gidan adana kayan tarihin da nake aiki nan Turai kuma ban sabunta ba, waɗanda muka yi zaman sito tare sun san dalili.

Aikina bin diddigin kayan Afirka ne, wa ya kawo, yaushe, shi kuma a ina ya samo. In ka sa safar hannu ka ɗaga mutum-mutumi za ka ga lamba da tawada a ƙasansa, ka bi ta zuwa tsohuwar rajista, a can suna ɗaya ne da shekara ɗaya, shi ke nan. Sai ka daure ka tona wasiƙu kafin ka gane tarin nan hawa-hawa aka gina shi. Na can ƙasa ganimar soja ce, sai abin da jami'an mulkin mallaka da 'yan mishan suka kwaso jikokinsu suka gaji da ajiya suka miƙo, sai zamanin dillalai da gwanjo, sai attajiran da suka bar wasiyya da abin da suka saya ba tare da sun tambayi asalinsa ba.

Inda muka raba gari da ogana a kan wani allon tagulla ne na masarautar Benin da ke Najeriya, har yanzu da hujin ƙusa a gefensa inda aka taɓa kafa shi a ginshiƙin fada. Kowa a wurin ya san 1897, sojojin Ingila suka ci birnin, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa, aka kai sarkinsu Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914, kayan suka watsu a kasuwar Landan har wani masani Felix von Luschan ya saya wa gidan tarihin Berlin ɗaruruwa. Amma katin bayanin allon namu cewa kawai ya yi an saya a hannun dillali. Ni na gano wasiƙar dillalin a wani fayil da ba a ko yi masa lamba ba, da hannunsa ya rubuta cewa daga wani hafsan da ya je yaƙin ya karɓa. Jimla biyu kacal na ƙara a bayanin da ake liƙawa jikin gilashi. Oga ya soke su da jan biro, wai mutane kallon fasaha suka zo ba shari'a ba, kuma kada mu ɓata wa masu ba mu tallafi rai. Na haɗiye wannan. Wanda na kasa haɗiyewa shi ne 2022, da Jamus ta sa hannu da Najeriya a kan mayar da kayan Benin sama da 1,100, gidan tarihin Horniman na Landan ma ya miƙa mallakar guda 72, iska ta juya, sai ga oga a wani taro yana karanta rahotona layi-layi da sunansa a kai, ana tafa masa, ni ko a godiya ban fito ba, wallahi har yau in na tuna sai na ji abin a ƙirjina. Saboda haka duk abin da ka gano ka tura ta imel da kwanan wata, ka sa wani a kwafi, kar ka miƙa takarda hannu da hannu komai kirkin da ake nuna maka.

Sauran darussan gajeru ne. Ba komai aka sato ba, akwai wanda masassaƙi ya yi don sayarwa ya karɓi kuɗinsa, in ka ce duka ganima ne a mitin za a kayar da kai da misali ɗaya. Masu ɗaukar kaya a sito sun fi manya sanin inda komai yake, ka girmama su.

Wanda zai gaje ni, don Allah ka fara da kayan Nok, tsofaffin mutum-mutumin yumɓun nan. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono su, Baturen masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya tattara, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952, amma da yawan waɗanda suka iso Turai bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970, wadda ta hana haramtaccen fataucin kayan tarihi, ta fasa-ƙwauri suka fito, kuma namu biyun da ke akwati ban ga takardar izinin fitarsu daga Najeriya ba duk neman da na yi.