Fotokofin katinka yana hannun wa yanzu?

Ranar 23 ga Disamba 2024 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Kamaru, mai lamba 2024/017, aka ba kamfanoni da ma'aikatu wata 18 su gyara zama, wato zuwa Yunin 2026. Cadi ta riga mu, tata dokar tun 2015 take, kuma hukumar tsaron intanet ta ƙasar, ANSICE, ce ke kula da ita.

In zancen ya taso, mutane kan rabu biyu. Wasu na cewa gwamnati ta taka wa manyan kamfanoni birki, kamar yadda Najeriya ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024. Wasu kuma suna tuna yadda aka yanke intanet a yankunan Kamaru masu jin Turancin Ingilishi a 2017, da yadda Cadi ta toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, sai su ce ƙara wa hukuma iko ba kare talaka ba ne. Kowa da gaskiyarsa. Amma a Garwa ko Marwa ko Kuseri, ba daga Amurka ake fara sace bayananka ba. Daga rumfar sayar da layi ake farawa, da shagon fotokofi.

Ga yadda abin yake faruwa. Tun 2015 doka ta ce ba a sayar da layi sai da katin shaida, kuma mutum ɗaya ba zai wuce layi uku a kamfani ɗaya ba. Mai rumfa zai ɗauki hoton katinka na ɗan ƙasa, wato CNI, gaba da baya da wayarsa, ya yi maka rajista, ka tafi. Hoton yana nan a wayar. Gobe wani marar kati ya zo, ya ƙara masa 'yan kuɗi, sai a buɗe masa layi da sunanka. Dokar laifukan intanet ta 2010 kuwa ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kira har shekara 10. Idan aka yi damfara da wannan layi, ko aka kira da shi ana neman kuɗin fansa, kamar yadda makiyaya da 'yan kasuwa suka sha fama a wajen Tuboro, sunanka jandarmomi za su gani. Kafin gaskiya ta fito, ka sha zirga-zirga.

Maganin ba shi da tsada. Duk fotokofin da za ka bayar, ɗauki biro ka rubuta a kansa abin da aka karɓe shi domin shi da kwanan wata. Rubutun ya ratsa gefen hoton, don in a ƙasan takarda yake, almakashi kawai za a sa. Amma kada ya rufe lambar katin, sai a ƙi karɓa. A shago, ka karɓi kofin da ya lalace ma, domin shi ne ake naɗe wa mutane gyaɗa da soya a ciki. In an ɗauka da kwamfuta, tsaya a goge a gabanka. Sannan ka je babban ofishin MTN ko Orange da asalin katinka, a duba layukan da ke kan sunanka, a rufe wanda ba ka sani ba.

Mata da yawa layinsu da sunan miji ko ƙane yake. Ranar da wayar ta ɓata, ba za a sabunta layin ba sai mai sunan ya zo da katinsa, kuɗin Orange Money ko MoMo kuma suna ciki. In ya yi nisan tafiya ko ya rasu, aiki ya samu. A mayar da shi sunan mai amfani da shi tun ana tare.

Wajen cire kuɗi, kai za ka danna lambar sirri a wayarka, ba mai rumfa ba. Lambobi shida da WhatsApp ke aikowa ta saƙo kuwa, duk wanda ya nema, ko da muryar ɗan'uwa, asusunka yake so.

Sabuwar dokar ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani abin da ya ajiye a kanka, ya gyara kuskure, ko ya goge. Ka nema a rubuce, kofi biyu, a buga hatimi a naka, don magana ta baki ba ta zama shaida. Abin da nake ganin ya fi cancantar a yi ta muhawara a kai shi ne hukumar da dokar ta ce a kafa. Za ta iya tuhumar ma'aikatar gwamnati kamar yadda za ta tuhumi kamfani? Za ta karɓi ƙara a Garwa da Ngaundere, ko sai an je Yawunde? Haka nan batun amincewa: wanda aka miƙa wa takarda da Faransanci ya dangwala yatsa, alhali Hausa ko Fulatanci yake ji, bai san me ya yarda da shi ba, ya kamata a wajabta karanta masa a harshensa kafin a karɓi katinsa.