Yadda na daina yi wa Allah alkawarin Janairu

Shekara uku a jere ina ɗaukar alkawari ɗaya a addu'ar daren 31 ga Disamba: bana sai na karance Littafi Mai Tsarki daga Farawa har Wahayin Yahaya. Sura 1,189 ne, wato sura uku da ɗoriya kowace rana. Farawa takan tafi sumul saboda labari ce, Fitowa ma haka. Ina isa Littafin Firistoci, wajen hadayu da dokokin kuturta, sai barci ya fara cin ƙarfina. Kafin Ista na riga na rufe littafin, ga kunya ta hana ni buɗe shi, kamar mai gudun wanda yake binsa bashi.

Ɗinki nake yi a Zariya. Wanda ya san aikin tela ya san ba mu da lokacin kanmu, musamman gab da Kirsimeti ko Sallah. Da wannan nake kare kaina, har ranar da na faɗa wa wata dattijuwa a Zumuntar Mata. Idanunta sun yi rauni, ba ta iya karatu sosai yanzu, amma Zabura tana bakinta kamar sunayen jikokinta.

Ta ce, "'Yata, wa yake tashinki da safe?"

Na ce, "Mama, ladanin masallacin bayan gidanmu. Yana kiran asuba nake farkawa, sai in juya in koma."

Ta yi dariya ta ce, "To ga agogo Allah ya ba ki kyauta. Maƙwabtanki suna tashi su gaida Mahaliccinsu, ke kina gyara mayafi."

Maganar ta ƙona ni, don gaskiya ce. Ta ce in manta da sura uku, in ɗauki Markus, wanda ya fi sauran Bishara gajarta, sura 16 kacal, in riƙa karanta labari ɗaya tak in tsaya. A sura ta farko, aya ta 35, na tarar da Yesu kansa ya tashi da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa don yin addu'a. Na sha jin ayar a majami'a, amma ban taɓa karanta ta a daidai wannan lokacin ba.

Abin da ya fi ba ni wahala waya ce. Da farko a cikinta nake karatu, sai in ga saƙon mai kaya tana tambayar ɗinkinta, daga nan in faɗa WhatsApp, gari ya waye. Dole na koma ga tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifiyata, wanda bangonsa ya ɓalle na ɗinke shi da zare baƙi. Wayar kuwa a falo take kwana. A 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, kuma idan na tuna wahalar da aka sha kafin ya zo hannunmu da harshenmu, nakan ji nauyin barinsa yana tara ƙura.

Minti goma sha biyar nake yi. In karanta da ɗan ƙarfi yadda kunnena zai ji, in rubuta aya ɗaya a bayan littafin awon kwastomomi, in yi addu'a ina kiran mutane da sunansu. Ayar tana kusa da keken ɗinki duk yini.

Kada wani ya ɗauka kullum daɗi nake ji. Akwai safiyar da nake rufe littafin ban tuna ko kalma ɗaya ba. A makon Kirsimeti na yi kwana tara ban buɗe ba. Bambancin shi ne yanzu ba na jiran wata Janairu, daga inda zaren alama ya tsaya nake ci gaba.

Bayan Markus na shiga Matiyu, a nan ne abin ya taɓa ni inda ban so ba. A 5:23-24 an ce idan ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je ku shirya tukuna. Ni da faccalata mun kusa shekara ba ma gaisawa, kan kuɗin adashe da na yi jinkirin biya, na kuma yi mata baƙar magana a gaban mutane. Kowace Lahadi ina rawa zuwa gaba da baikona, tana zaune layi biyu a bayana. Kwana huɗu na yi ina tsallake ayar, ina komawa. A rana ta biyar na rufe shago da wuri na tafi gidanta.

Ba ta rungume ni ba. Ta ba ni tabarma, ta saurara, ta ce ta ji. Sai bayan wata biyu ta aiko ɗanta da atamfa a ɗinka mata.

Yanzu ina cikin Karin Magana, sura 31, ɗaya don kowace ranar wata. Littafin Firistoci yana nan yana jirana, na kuma gaya wa Mama sai ta zauna kusa da ni ranar da zan sake gwada shi.