Daga Muzdalifa Zuwa Wurin Jifa

Bayan sallar Asuba muka bar Muzdalifa a ƙafa, kowa da tsakuwarsa ƙulle a bakin harami. Tun kafin mu shiga Mina hanya ta cika maƙil. Ka ɗaga ƙafa, sai na gabanka ya matsa sannan ka sami inda za ka sauke ta. Wani dattijo daga tantinmu ya riƙe gefen haramina, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na ce masa, "Baba, ko takalminka ya fita kada ka sunkuya." Ya kuwa fita, muka bar shi a nan.

A Mina ɗin nan, garin tantuna, a mahaɗar titi na 204 da na 223, ayari biyu na alhazai suka yi kiciɓis ranar 24 ga Satumba, 2015, aka yi turmutsitsi. Saudiyya ta ce mutum 769 suka rasu, amma da kamfanin dillancin labarai na AP ya tattara alƙaluman ƙasashe, sun haura 2,400. Cikinsu akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, da Farfesa Tijjani El-Miskin. Allah ya jiƙansu.

Jaridun Turanci sun kira abin "stampede". A ƙarni na 19 Turancin Amurka ya aro kalmar daga "estampida" ta Sifaniyancin Meksiko, ana nufin garken shanu ko dawaki ya firgita ya zabura a guje. Wannan suna yana yi mini ciwo, domin duk wanda ya taɓa shiga irin wannan cunkoso ya san babu wurin gudu. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, ƙirji ba ya iya buɗewa, da yawa a tsaye numfashinsu ke ɗaukewa. Na baya kuwa bai san me ake ciki a gaba ba, talbiyyarsa kawai yake yi yana matsowa.

Da muka hau gadar Jamarat ta wurin jifa, wadda aka sake ginawa hawa-hawa bayan wani turmutsitsi da aka yi a wurin a 2006, sai na ji iska ta taɓa ni. Mashiga daban, mafita daban, askarawa ba sa barin kowa ya juyo. Muka jefa tsakuwa bakwai-bakwai a Jamratul Aƙaba, muka fita neman mai aski, da inda za mu sayo wa Baba silifa.