Kafin hannu ya kai ga yaro

Aikina ziyarar gidajen masu jego ne, a ƙarƙashin wani shiri da gwamnati ke ɗaukar nauyinsa. Mutane na zaton farautar mugayen iyaye nake yi, alhali yawancin waɗanda nake zama da su gajiya ce kawai ta ci ƙarfinsu.

Kwanan baya na tarar da wata mai haihuwar fari, idanunta sun yi jajur, jaririn na ta tsala kuka tun dare. Na karɓe shi, na ce, "Ƙanwata, in kin ji ranki ya fara ɓaci, ki kwantar da shi rigingine a shimfiɗarsa, ki ɗan fita ki sha iska. Kukan ba zai yi masa illa ba, amma jijjiga shi da ƙarfi na iya sa jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa." Ta ce ba wanda ya taɓa faɗa mata haka.

Salon ziyarar gida ba sabo ba ne. Wani mai bincike, David Olds, ya fara gwada shi a garin Elmira na Amurka a 1977: ma'aikatan jinya na ziyartar mace tun tana da ciki har yaro ya cika shekara 2, kuma an ga raguwar cin zarafin yara da sakaci da su. Sashe na 19 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ma ya ɗora wa gwamnatoci samar da shirye-shiryen tallafa wa yara da masu rainonsu.

Abin haushin, da kasafi ya matse, irin wannan aiki na rigakafin cin zarafi ake fara zaftarewa, tunda yaron da ba a daka ba ba ya fitowa a rahoto. Sai a ninka mana gidaje, ziyarar mako ta koma ta wata.