Abin da sabar sashenmu ta koya mini

Na miƙa kundina na digiri na biyu, na kwashe kayana daga lab, don haka yanzu zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa, ko ƙannenmu da ke tafe za su amfana.

Wanda ke zaune a Agege ba zai riƙa shan cunkoson Legas kullum don kawai ya duba ko lissafinsa ya kammala ba. Daga kwamfutar tebur ta gida nake buɗe manhajar PuTTY in shiga sabar, wato babbar kwamfutar sashenmu da lissafin ke gudana a kanta, ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yawanci bayan isha'i. Damuwar ita ce malamin da ke duba aikinmu akawun ɗaya tak ya karɓo, ya raba mana kalmar sirrin mu duka ɗalibansa, wai cike wa kowa fom ɓata lokaci ne.

Aka wayi gari foldar bayanan rukuninmu ba ta nan. Wani ya share ta da rm, umarnin goge fayil, kuma abin da rm ya ɗauke ba ya biyawa ta kwandon shara. Malam bai tambayi kowa ba. A gaban abokan karatuna ya ce, "Kai ne mai shiga da dare daga gida, wa kuma zai yi?" Na ce, "Yallaɓai, a duba rajista tukuna." Ya ce ba shi da wannan lokacin. Aka canja kalmar sirri aka hana ni, ina tsakiyar babi na huɗu.

Injiniyan da ke kula da sabar, Allah ya saka masa da alheri, shi ya buga last, umarnin da ke jero kowace shiga da lokacinta da adireshin IP ɗin da ta fito, wato lambar da ke nuna daga inda aka shiga. A sa'ar da aka yi ɓarnar shiga ɗaya ce a buɗe, daga wata kwamfuta ta cikin harabar jami'a. Aka nuna wa Malam. Ya ce "To", ya maido ni, bai sake ɗaga zancen ba. Har yau yana ci mini rai.

Kada ka yarda da akawun tarayya, ko wa ya ba ka. Sunan shiga ɗaya ba ya bambance mai laifi da marar laifi. Ni adireshi ne ya wanke ni, da mutumin daga waje ya shiga da ban san inda zan sa kaina ba. Ka nemi naka akawun da naka makullin SSH, wato fayil ɗin sirri da ke shaida kai ne, ko da fom ɗin zai daɗe a ofis.

Dogon aiki kuma ka sa shi cikin tmux, manhajar da ke riƙe aiki a kan sabar, don in aka ɗauke wuta layi ya yanke, ya ci gaba da tafiya. Sakamakonka ka riƙa kwafo shi gida da rsync, manhajar kwafar fayil tsakanin kwamfutoci, duk mako.