Talata a tsibirin Maore: jarka, jirgin fito da kujerar gaba

Talata, cikin watan Nuwamba

Tarin famfo ne ya tashe ni tun kafin assalatu. Jiya da dare na bar shi a buɗe da bokiti a ƙarƙashi, don yau ne rabon unguwarmu da ruwa. Ya yi ta shaƙewa, ya tofo wani jan ruwa, can kuma ya washe. Na cika jarka shida da tukwane biyu. Ni ɗan Damagaram ne, tun ina yaro na san jiran ƴan garuwa da tattalin ruwan alwala. Amma ban taɓa kawowa a raina zan zo inda ake kashe yuro, tutar Faransa na kaɗawa a bakin kowane ofishi, in tarar ana yi wa famfo kwana-kwana ba. A 2023, shekarar da na zo, sai da aka kai kwana biyu cikin uku babu ko ɗigo. Ga shi ruwan sama na zuba a nan fiye da ninkin namu. Wurin tarawa ne ya yi kaɗan: madatsu biyu, na Combani da na Dzoumogné, sai injin tace ruwan teku a ƙaramin tsibirin da nake zaune, mutane kuwa sun haura 300,000.

A masallaci har yanzu ni kaɗai ne ke sakin hannu a sahu. Mutanen Mayotte, ko Maore kamar yadda masu wurin ke cewa, ƴan mazhabar Shafi'iyya ne. Liman na bayyana bisimilla, alƙunutun asuba kuma bayan ruku'u ake yin sa, a ɗaga hannu, jama'a na amsawa da amin. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza a kan haka. Musulunci ya daɗe a nan; a mihirabin masallacin Tsingoni akwai rubutun da ke nuna shekarar 1538.

Ƙarfe shida saura na isa mashigar Dzaoudzi. Tsibirai biyu ne ake zaune a kansu. Ƙaramin shi ke da filin jirgin sama, babban kuma, mai tsawon kilomita 39 da faɗin 22, shi ke da babban birni Mamoudzou, da kasuwa da asibiti da tashar jiragen ruwa ta Longoni. Duk a haɗe murabba'in kilomita 374 ne, tsakanin Madagaska da Mozambik. Jirgin fito ne ke haɗa su, tafiyar da ba ta wuce minti ashirin ba, kuma ita ce na fi so a yinina. Ruwan a kwance yake kamar tafki, don katangar murjani ta kewaye tsibirin tana tare manyan igiyoyi. Mata sun cika benci da zannuwansu na saluva masu haske, wasu sun shafa msindzano, wani farin kwaɓin itacen sandal, a fuska. Duwatsun babban tsibirin sun fara komawa kore, amma har yanzu ana ganin itatuwan da guguwa ta aske wa kai.

Na zauna kusa da wani dattijo da muke yawan haɗuwa. Na rusuna na ce kwezi, gaisuwar da ake yi wa babba, ya amsa da mbona. Ina kiran sa Bakoko, wato kaka, shi kuma yana ce mini Fundi, malam ke nan. Yau ya tambaye ni abin da na san ya daɗe yana cin sa:

"Fundi, da gaske ku kun kori sojan Faransa?"

Na ce e, Bakoko, sun gama ficewa daga Nijar a Disambar 2023, kuma mutane da yawa sun yi murna. Ya yi shiru yana kallon ruwa, sannan ya ce su kuwa iyayensu mata ne suka hana Faransa tafiya. Ya ba ni labarin Zéna M'Déré da ƙawayenta. Lokacin da aka ɗauke babban birnin yankin daga Dzaoudzi aka kai Moroni, babban birnin Komoro a yau, ayyuka suka bi, mazan suka bi ayyuka, matan Maore suka ga za a mayar da su saniyar ware. Sai suka riƙa tare jami'an da ke zuwa daga sauran tsibiran Komoro suna yi musu cakulkuli har su faɗi ƙasa, tunda ba dokar da ta hana cakulkuli. Mahaifiyarsa, in ji shi, tana cikinsu.

Sauran na san shi daga karatu. Sarki Andriantsoly ne ya miƙa wa Faransa tsibirin a 1841. A ƙuri'ar Disambar 1974 sauran tsibirai uku suka zaɓi ƴancin kai, nan kuwa wajen kashi 63 cikin 100 suka ce a'a. A 1976 fiye da kashi 99 suka ce za su zauna da Faransa, a 2009 kashi 95 suka nemi zama cikakkiyar gunduma, ranar 31 ga Maris 2011 kuma Mayotte ta zama gunduma ta 101 ta Faransa. Komoro har gobe tana cewa ƙasarta ce, shi ya sa taurari huɗu ne a tutarta, kuma babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha goya mata baya. Ni da na taso da labarin aikin tilas da bulalar mulkin mallaka, zuciyata ta fi karkata ga Komoro, ba zan ɓoye ba. Na faɗa wa Bakoko haka cikin ladabi. Bai ji haushi ba. Ya ce sun zaɓi maigidan da ke nesa ne don sun ɗanɗani na kusa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ban ja ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne yadda aka saka wa mutanen da suka riƙe alkawari haka. Kashi 77 cikin 100 na zaune ƙasa da ma'aunin talauci na Faransa. Tallafin marasa galihu rabin na can ne, mafi ƙarancin albashi ma bai kai na can ba.

Daga mashiga na shiga tasin haɗaka zuwa Kaweni, unguwar Mamoudzou da nake koyarwa. A gindin tudu akwai manyan shaguna da ɗakunan ajiya, a saman tudu kuma bukkokin kwano, banga, sun hau kan juna har ƙololuwa. Ranar 14 ga Disamba 2024 guguwar Chido, da iskar da ta haura kilomita 200 a awa, ta share tudun nan tas. Na gani da idona, jar ƙasa kawai da lanƙwasasshen kwano. Ba a yi sati ba aka fara jin ƙarar guduma. Da kwanon da ya tashi aka sake kafa su, a daidai inda suke.

Aji ya cika maƙil. Kusan rabin mutanen tsibirin nan ba su kai shekara 18 ba, asibitin haihuwar Mamoudzou ya fi kowane a Faransa karɓar haihuwa, jarirai wajen 10,000 aka haifa a tsibirin a 2023. Ƙannen ɗalibaina a firamare karɓa-karɓa suke yi, wasu da safe wasu da rana, don ajujuwa ba su isa ba. Da Faransanci nake koyar da lissafi, alhali a gida Shimaore suke yi, mai kama da Suwahili, wasu kuma Kibushi, na asalin Madagaska. Na san wannan nauyin, ni ma da Hausa na shiga lakwal aka ce in bar ta a bakin ƙofa. Shi ya sa na koyi ƙirga da harshensu, in na ce moja, mbili, traru, sai ka ga fuskoki sun saki.

Kujerar gaba ta hagu ce ta dame ni yau. Yarinyar da ke zama a kanta ta fi kowa kai a ajin, kwana uku ke nan ba ta zo ba. Da aka tashi shan iska sai ƙawarta ta matso ta ce, "Malam, an kama mamanta a hanyar kasuwa, an mayar da ita Anjouan. Ita ke riƙe da ƙannenta." A nan aka haifi yarinyar, ba ta taɓa taka Anjouan, tsibirin Komoro mafi kusa da nan, ba. Kilomita 70 ne tsakani, bai kai nisan Damagaram zuwa Magarya ba, dangi ɗaya, addini ɗaya, harshe kusan ɗaya. Tun 1995 aka sa biza, mutane suka koma tsallakowa cikin dare a ƙananan kwale-kwalen da ake kira kwasa-kwasa, dubbai sun halaka a ruwan nan. Yanzu kusan rabin mazauna tsibirin baƙi ne a idon doka. An tsaurara dokar zama ɗan ƙasa ta haihuwa a 2018, aka ƙara ƙulle ta a 2025. Ban raina kukan ƴan Maore ba, na ga layin asibiti, na ga motocin ɗalibai da aka farfasa wa gilashi da jifa. Amma yarinya ƴar shekara goma sha huɗu ba ita ta sa biza ba, ba ita ta tuƙa kwale-kwale ba. Na je ofishin mai kula da walwalar ɗalibai na rubuta rahoto, ta ce za ta hau tudun gobe. Na roƙi ta tafi da ni.

Da rana na ci mabawa, gasassun fukafukan kaza, da soyayyar ɗanyar ayaba da mataba, ganyen rogo da aka dafa da madarar kwakwa. Kajin daskararru ne, daga wata uwa duniya ake kawo su a kwantena, haka shinkafa, haka siminti. Furen ilan-ilan da banila da suka yi wa tsibirin suna a da, ɗan kaɗan ya rage. Albashin gwamnati ne ke juya kasuwa, ma'aikata na samun ƙarin kashi 40 a kan na Faransa, farashi kuma ya bi su, mai sayar da ayaba a bakin titi ita ke shan wuya. Akwai majalisar gunduma da ƴan tsibirin ke zaɓa, da magadan gari 17, amma ƴan sanda da takardun zama suna hannun wakilin gwamnati da ake naɗowa daga Paris. Alƙalan Musulunci kuwa tun 2010 aka karɓe musu shari'a, sulhu kawai suke yi.

Na kama jirgin ƙarfe biyar. Manyan jemagu sun fara ketare sama suna neman mangwaro. Bayan isha na kira Inna, can la'asar ta wuce da kaɗan zuwa magariba, don mun riga su da awa biyu. Ta tambayi ruwa, na ce ya zo. Na ba ta labarin yarinyar. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka je musu hannu rabbana. Ka sayi shinkafa da mai, ka kuma tambayi mai duba ƙananan da dare." Na ce to, Inna.

Famfo ya ɗauke wajen ƙarfe tara. Na ware takardun darasin kwana ukun da suka wuce ta, na haɗa da sabon littafin rubutu da biro biyu, na sa a jaka kusa da ƙofa.