Faran 40 a bakin iyakar Basel

Asabar.

Da sassafe muka bar Freiburg ta Jamus ni da Kawu, zan kai shi Zurich ya duba wani tsohon abokinsa da ke kwance. Ba mu cika awa guda ba muka isa iyakar Jamus da Siwizalan a Basel. Na ja gefe na sayi sitikar hanya, wato shaidar biyan kuɗin hawa manyan hanyoyin Siwizalan, faran 40 na kuɗin ƙasar. 'Yar aba ce da ba ta kai tafin hannu ba. Na manna ta a gilashin gaba ta ciki, sai ta karkace. Na kai farce zan gyara, Kawu ya buge min hannu: "Bar ta, yaro, in ka ɓamɓare ta lalace."

Abin da ya ƙona min rai, yini ɗaya zan yi amma kuɗin shekara na biya. Siwizalan ba ta sayar da ta kwana goma irin ta Ostiriya. In kuwa aka kama ka a babbar hanya babu ita, tarar faran 200 ce, sannan ka saya dole.

Tun daga nan nake mita. Mu da lambar Jamus mu biya a ƙasarsu, su kuma su shigo su murza babbar hanyar Jamus kyauta? Kawu ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce ai an taɓa gwada abin da nake so, an sha ƙasa.

Na tuna kuwa. Jam'iyyar CSU ta jihar Bavaria a Jamus ce ta dage a kan kuɗin hanya na ƙananan motoci. Dabarar ita ce kowa ya biya, amma masu mota a Jamus a rage musu harajin mota daidai abin da suka biya, ka ga baƙo kaɗai ke ɗaukar kayan. Ostiriya ta kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta rushe tsarin a watan Yunin 2019, ta ce wariya ce. Ga shi ministan sufuri na lokacin, Andreas Scheuer, ya riga ya sa hannu a kwangila da kamfanonin da za su karɓi kuɗin kafin hukunci ya fito. A 2023 gwamnati ta amince ta biya kamfanonin diyyar yuro miliyan 243, ba a karɓi ko sisi daga direba ɗaya ba. Garin neman gira an rasa ido.

Na ce, "To Kawu, su 'yan Siwizalan fa?" Ya nuna min motar da ke gabanmu mai lambar Zurich. Da muka wuce ta na leƙa, ga irin sitikata a gilashinta. Ɗan ƙasa ma faran 40 ya biya, tun 1985 kuma kowa ke biya. Nan bakina ya mutu, ko da yake har yanzu ina ganin mai shiga yini ɗaya ya cancanci sauƙi.

Mun sami mara lafiyan da sauƙi, har ya zauna sun yi hira. Da yamma a hanyar dawowa Kawu ya yi barci, ni kuma ina lissafin sau nawa zan ƙara shiga Siwizalan kafin ƙarshen Janairu, lokacin da sitikar za ta mutu.